"Sha ka fashe" a ruwan 'yan tsaki

Makon da ya wuce wata Hajiya a Hammadu Kafi ta kira ni in duba mata 'yan tsakin burola 'yan kwana 12. Sun yi laushi, shimfiɗarsu ta jiƙe sharkaf, kullum da safe sai an kwashe matattu. Da na matsa da tambaya, sai ta ɗauko ƙwayar Dexamethasone, wadda ake ce wa "sha ka fashe". Ta ce, "Likita, an ce min tana sa su ƙiba da wuri, shi ne nake daka musu a ruwa."

Ban ga laifinta ba, tsadar abincin kaji ce ke tura masu kiwo neman gajeriyar hanya. Amma wannan ƙwaya kwaikwayon homon ce, wato sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin wahala, kuma ƙarfinta ya ninka nasa kusan sau 25. Maganin da dabba ta haɗiya, daga hanji hanta yake fara zuwa, ita ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar. A makonnin farko hanta da ƙodar jaririn dabba ba su gama ƙwari ba, don haka magani kan daɗe a jini. Ɗan maraƙi da ɗan akuya ma tumbinsu bai soma aiki sosai ba sai sun kai mako shida zuwa takwas. Awon da ya yi wa uwa daidai yana iya kayar da ɗanta.

A kaji ɓarnar ta fi muni. Kusa da duburar ɗan tsako akwai wata 'yar jaka inda ake ƙera ƙwayoyin garkuwar jiki. Dexamethasone na sa ta ƙanƙance. Sai a ba da rigakafin cutar Gumboro a kan lokaci, a biya kuɗi, ya tashi a banza. Ƙibar kuma? Tsoka raguwa take yi, kitse ya taru a ciki da hanta. Na sha feɗe irinsu, abin yana ɓata min rai.

Tun 1989 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da naman dabbar da aka sa ta ƙiba da homon, saboda ragowarsa na iya bin nama zuwa cikin mai ci.

Hajiya ta zubar da ruwan a gabana, muka wanke mazuban, muka sauya shimfiɗa. Na roƙe ta, ko ragon turke ne, kada ƙwayar kemis ta ƙara shiga bakinsa sai ta kira likitan dabbobi tukuna.