Kafin Ku Sayi Tsohuwar Jif Mai Araha

Jama'a, araha ba ta ado. Sabon fenti na ɓoye tsatsa, kuma gyaran jif ya fi na ƙaramar mota cin kuɗi.

Ku je da bakanikenku, ba na dillali ba. A tayar da injin yana sanyi: shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce yana shan baƙin mai. In man ya yi fari-fari, ruwa na shiga injin. Ku leƙa ƙarƙashinta ko akwai yoyo. Ku tuƙa ta a hanya mai gargada, ku saurari giya. Ku tabbatar lambar shasi ta dace da takardun kwastam. Ku tambayi farashin kayan gyaranta tukuna. In gyara ya kusa kuɗin motar, ku haƙura.