Amsoshin Tambayoyinku: Tara maguna ciwo ne? Me ke kai mutum tona asirinsa a talabijin?

Tambaya daga wata mai karatu a Manga, ƙaramar hukumar Zuru, jihar Kebbi: "Na kalli wani shirin Turawa, aka shiga gidan wata dattijuwa da maguna ba iyaka, gida ya koma juji, tana ta kuka a gaban kyamara. Wannan ciwo ne? Me ya sa ta yarda duniya ta gan ta haka? Gwaggona ma tana da maguna shida, har an fara yi da ita."

Malama, mu fara da gwaggo don hankalinki ya kwanta. Yawan maguna ba shi ne ciwon ba. A ƙasar noma irin Zuru, inda rumbun dawa ke bayan ɗaki, ɓera kuma ba ya hutu, mage ma'aikaciya ce. In suna ci suna ƙoshi, suna fita suna dawowa, tsakar gida a share, to gwaggo lafiyarta ƙalau. Masu yi da ita su ji tsoron Allah. A wurarenmu, daga "tsohuwa mai maguna" zuwa "mayya" ba nisa, kuma wannan ƙazafin ya sha raba tsofaffi da mutuncinsu.

Abin da kika gani a shirin daban ne. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ɗabi'ar tara kaya a kasa rabuwa da su a matsayin cuta mai zaman kanta, tara dabbobi kuwa reshenta ne. Ana gane ta idan dabbobi suka fi ƙarfin mai su: abinci ya gaza, magani babu, warin fitsari ya hana baƙo zama, amma shi bai ga aibu ba. Wani likitan dabbobi na jami'ar Tufts, Gary Patronek, ya bi diddigin gidaje 54 a 1999. Kusan uku cikin huɗu na masu gidajen mata ne, kusan rabi sun kai shekara 60, maguna ne suka fi yawa, kuma a kashi 80 cikin 100 an tarar da dabba matacciya ko mai jinya.

Galibi da tausayi abin ke farawa. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai ga 'yar kyanwa tana kuka a bakin ƙofa. Ita kuwa mage wata biyu da 'yan kwanaki take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yanta ma kafin su cika shekara sun fara. A gidan da ƙofa ke kulle, ba mai fita, ba maƙwabcin da zai roƙi ɗaya, lissafin bai da wuya. Matar tana ganin ceto take yi, alhali ta faɗa abin da hadisi ya tsoratar a kai, wato tsare mage ba ci, ba sakewa.

To, me ya kai ta talabijin, bayan an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? Da farko dai matsi. Shirye-shirye irin Hoarders, da tashar A&E ta fara a 2009, su ke kawo masu kwashe shara da masanin halayyar ɗan Adam, aikin da talaka a Amurka ba zai iya biya ba, wasu kuma hukuma ta riga ta yi barazanar fitar da su daga gida. Sai kaɗaici. Wanda ya shekara ba a tambaye shi yadda ya kwana ba, in aka zo da fitila da kyamara aka ce "muna jin ka", da wuya ya ƙi.

Mu ma fa muna yi. Masu kai kuka shirin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano, ko Brekete Family na Ahmad Isah a Abuja, ba rashin kunya ke kai su ba. Yawanci sun bi ta dangi, sun bi ta mai unguwa, wasu har kotu, ba a share musu hawaye ba, kuma sun lura wanda bai jin roƙo yana jin tonon silili. Sau da yawa kuwa ana dacewa.

Sai dai tasha masu kallo take nema, kuka kuwa yana tara su. A Birtaniya, ITV ta soke shirin Jeremy Kyle a watan Mayun 2019, bayan wani da aka ɗauka a cikinsa ya mutu kwanaki kaɗan da naɗar shirin. Ko an tsira daga wannan, hoton yana nan a Facebook da WhatsApp har ranar da za a zo neman auren jikarki.

In wata rana kika ga magunan gwaggo sun rame, ko ta daina barin kowa ya shiga ɗakinta, kada ku ɗauki waya ku yi mata bidiyo, kada kuma ku kwashe su rana ɗaya, don masu irin wannan lalura kusan kullum sake tarawa suke yi. A kira likitan dabbobi ya dandaƙe muzuran, ya yi musu rigakafi, a raba 'ya'yan da yardarta. In abin ya ci tura, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashin magunan, don yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke taɓa ɗan tayi.