Yara Huɗu, Aiki Ɗaya

A shekara ta 1996 waɗansu limaman Katolika suka buɗe makarantar sakandare mai suna Cristo Rey a birnin Shikago, ƙasar Amurka, cikin unguwar talakawa 'yan asalin Meziko. Iyayen yaran kuwa ba su da kuɗin makaranta. To, ƙaƙa za a yi?

Ga dabarar da suka yi. Suka tafi bankuna da asibitoci da ofisoshin lauyoyi, suka roƙi gurbin ma'aikaci guda. Yara huɗu ke raba gurbin nan, kowa ya yi aiki kwana biyar a wata, sauran kwanaki yana aji. Ladan aikin makaranta a ke biya, ya rage kuɗin karatunsu.

Bari mu lura da abin da yaro ya ke samu ban da kuɗi. Kafin a aike shi, sai an koya masa zuwa kan lokaci, da gaisuwa, da amsa waya, da jera takardu. A ganinmu wannan ya fi ladan, gama ɗan mai hali yakan tsinci waɗannan a gida bai ma sani ba, amma ɗan talaka sau da yawa bai taɓa taka ofis ba.

Tambaya: Idan mai ofis ya mai da yaron ɗan aike kurum, bai koya masa kome ba, wa ya kamata ya yi magana?