Wanda Ya Zo Na Ɗaya Da Wanda Ya Zo Na Ƙarshe

Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, sai a hoto. Amma tun ran da na karanta labarin wata tsere da aka yi a kanta, abin ya ƙi fita daga raina, shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Wasan zamiya a kan ƙanƙara iri-iri ne. Akwai na gangarowa daga kan dutse a guje. Akwai kuma na dogon zango, inda mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta turawa, hawa da gangara. A wannan na biyun Bjørn Dæhlie na ƙasar Norwe ya shahara. Daga 1992 zuwa 1998 ya ci lambobi 12 a wasannin Olamfik na lokacin sanyi, 8 daga ciki na zinariya.

To, a 1998, a wasannin Nagano na ƙasar Jafan, aka yi tseren kilomita 10. Cikin masu tseren har da Philip Boit, mutumin Kenya na farko da ya taɓa shiga waɗannan wasanni. Shi asalinsa ɗan gudu ne. Sai a 1996, da kamfanin Nike ya kai shi ƙasar Finlan koyo, ya fara taka ƙanƙara. Watau shekara biyu kacal ya yi yana koyon abin da abokan karawarsa suka tashi a ciki tun suna rarrafe.

Ranar kuwa an yi ruwa, ƙanƙarar ta jiƙe. Su masu wannan wasa suna shafa wani irin kaki a ƙarƙashin allunan don su kama ƙasa wajen hawa. In kakin bai dace da yanayin ranar ba, sai ƙanƙara ta riƙa manne wa allon, ƙafa ta yi nauyi. Haka Boit ya yi ta fama, ya faɗi ya tashi, ya sāke faɗuwa. Dæhlie ya gama cikin minti 27 da 'yan daƙiƙoƙi. Boit kuwa sai da ya yi minti 47, ya zo na 92, babu kowa a bayansa.

Da ya iso, wa zai gani a bakin layi? Dæhlie ne da kansa, yana jiransa, ya rungume shi. Allah Sarki! Mutumin da zinariya ke jira, ga gajiya, ga sanyi.

Wasu sun ce kai Boit can talla ce kawai ta kamfani. Ni ma na yarda akwai talla a ciki, kamfani ba ya ɓad da kuɗinsa a banza. Sai dai ba kamfanin ne ya yi faɗuwar nan ba, kuma bayan ya janye hannunsa Boit bai daina ba. Ya koma wasannin 2002 da na 2006, kuma a duka biyun ya bar wasu a bayansa.

Ba da daɗewa da tseren Nagano ba aka haifa masa ɗa namiji. Ya raɗa masa suna Dæhlie.