Yadda Ake Ɗaure Ɗan Kwangilar Sharar Maƙabarta da Sharaɗi

Idan damina ta ja baya wajen watan Oktoba, ciyawa ta rufe kaburbura har mai ziyara ba ya gane na mahaifinsa, sai jama'ar unguwa su tara kuɗi su ba ɗan kwangila aikin shara; mafi yawan ɓarnar da na gani kuwa daga ranar nan take farawa, domin an yi ciniki da baki, alhali malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai aiki da lada sun zama sanannu.

A fara da rubutu, a gaban liman da mai unguwa. Sa'an nan, kafin lauje ya taɓa ciyawa, a zaga da ɗan kwangilar tare da mai haƙar kabari, wanda ya fi kowa sanin wurin, a ƙirga alamomi layi layi, allon ƙarfe ne, ko dutse, ko guntun tukunya, a ɗauki hotonsu da waya.

A nan ne ake bukatar natsuwa. Kabarinmu ramin ciki gare shi, an rufe shi da itace ko tukwane aka tula ƙasa, kuma bayan ruwan Agusta ƙasar ta yi laushi, itacen ya fara ruɓewa, ta yadda ƙafar lebura guda ta isa ta rufta shi. Saboda haka a rubuta a fili cewa ba a taka kabari, ba a ratsa shi da baro, kuma injin yankan ciyawa iyakarsa hanyoyi. Abin da ke kamu biyu daga kowace alama, da hannu ko lauje za a yanke shi, a bar saiwar a ƙasa domin ita ke riƙe tudun. Wanda ya tumɓuke alama don sauƙin aiki ya ce zai mayar, kada a yarda, gama ba safai take komawa mazauninta ba. Alamar kuwa tana da asali, tun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu domin ya riƙa gane shi.

Wuta haramtacciya ce a yarjejeniyar, ko me aka ce game da macizai. Maganin feshi ma ban yarda da shi ba, yana kashe saiwa, zaizaya ta biyo baya.

Kafin alƙalami kada ya wuce sulusi. A sa dattijo guda ya tsaya a kan aikin kullum, kuma ranar da aka gama a sake zagawa da hotunan nan; duk allon da ya lanƙwashe ko kabarin da ya rufta, ɗan kwangila ya gyara a gaban dangin mamacin kafin a miƙa masa ragowar kuɗinsa.