Yadda Ake Shirya Dutsen Farar Ƙasa Don Tankin Murjani

Mai son kiwon murjani a tankin gilashi yakan ci karo da tsadar dutse tun bai sayi kifi ko ɗaya ba. Dutsen da aka saba da shi, wanda ake kira dutse mai rai, ɓaraguzan tsohon murjani ne da ake tsamowa daga teku da ƙananan halittu a jikinsa. Ɗibarsa na yi wa teku ɓarna, shi ya sa aka hana ta a ruwan Fulorida ta Amurka tun cikin shekarun 1990, Fiji ma ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017. Sai masu sana'ar a Fulorida suka koma haƙo dutsen farar ƙasa a tudu, dangin wanda ake yin siminti da shi, su jibge shi a ƙarƙashin teku, bayan 'yan shekaru su tsamo shi cike da rai. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa dutsen ya dace da tankin murjani. Abin da ya rage a duba shi ne ƙofofin jikinsa da dattin da ya ƙunsa, kuma duka biyun ana gwada su a gida.

Masu kiwon kifin ruwan daɗi za su ce dutsen zai narke ya ɓata ruwa, kuma a tankinsu hakan na faruwa. Ruwan teku daban ne. Awonsa na pH yana tsakanin 8.1 da 8.3, kuma ya riga ya ƙoshi da kalsiyam, kusan miligiram 420 a kowace lita, don haka ba ya cin dutsen. Ƙashin murjani kansa kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ya haɗa wannan dutse. Sai dai wannan hujja ta rushe wani fatan ma: tunda dutsen ba ya narkewa, kada a sa ran zai ciyar da murjani da kalsiyam. Na'urar da ke yin wannan aiki sai ta saukar da pH zuwa wajen 6.5 da iskar kabon kafin dutse ya narke a cikinta.

Aiki yana farawa wajen zaɓe. A kankare gefen dutsen da ƙusa, a ɗiga ruwan kal a wurin. Idan ya yi kumfa yana ƙara siriri, farar ƙasa ce. Daga nan a ɗaga shi a ji nauyinsa. Wanda ake so shi ne mai sauƙin ɗauka idan aka kwatanta da girmansa, mai ramuka da ƙofofi kamar soso, wanda idan aka tsoma shi a bokiti za a ga iska na fita daga cikinsa. A waɗannan ƙofofi ne bakteriya masu tace ruwa ke zama, kuma dutse mai santsi da nauyi ba ya ba su wuri, sai dai ya cinye fili ya danne gilashi. A ajiye duk wanda ke da zanen tsatsa, ko ɗigon kore ko shuɗi, ko ƙyallin ƙarfe, domin suna iya zama alamar jan ƙarfe, wanda ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande. Wanda ke Sakkwato zai tuna da dutsen Kalambaina, wanda shi ma kwancen tsohon teku ne, amma yana gauraye da yumɓu, kuma ƙasar yankin na da fosfet, saboda haka gwajin da ke tafe ya fi zama dole a kansa.

A wanke dutsen da buroshi da ruwa mai ƙarfi, ba sabulu. Idan akwai saiwoyi ko ruɓaɓɓen abu a ramukan, a jiƙa shi kwanaki a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a ɗauraye, a shanya a rana har warin ya ɓace sarai. Wasu na ƙara masa wankan asid don cinye fatar dutsen. A ganina mai farawa ya bar wannan. Wanda ya nace, ya yi a waje da safar hannu da tabarau, ya zuba asid cikin ruwa, kada ya zuba ruwa cikin asid, kuma kada asid ya taɓa haɗuwa da bilic, domin iskar da ke tashi guba ce.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne jiƙo, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Fosfet na maƙalewa a jikin kalsiyam kabonet, sannan ya riƙa sakin kansa a hankali duk lokacin da ruwan da ke kewaye ya fi dutsen tsabta. Wanda ya sa dutsen kai tsaye a tanki zai yi ta canza ruwa wata da watanni, gansakuka na dawowa, murjani na ƙin girma. A sami durom na roba mai tsabta, a cika shi da ruwan da aka tace da na'urar RO, a haɗa gishirin tanki giram 35 a kowace lita, a sa famfo mai juya ruwa, a rufe don kada haske ya shiga. Bayan mako guda a auna fosfet. Idan ya haura miligiram 0.1 a kowace lita, a zubar da ruwan a sake sabo, ko a sa maganin GFO ya zuƙe shi. A maimaita har awo biyu a jere su nuna bai tashi ba. Wani dutsen makonni uku sun ishe shi, wani sai wata biyu. Wanda ya ƙi sauka bayan haka, a haƙura da shi.

Wajen jerawa, dutse ne ke fara zama a ƙasan tanki kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya rushe ginin. A haɗa guntaye da gam na epoksi, a bar koguna da tazara daga gilashi yadda ruwa zai ratsa. Kilo ɗaya a kowace lita goma ya wadatar. Sai a zuba bakteriyar da ake sayarwa a kwalba da ɗan amoniya, a riƙa awo har amoniya da naitirait su koma sifili, abin da kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida.

Akwai ƙorafin da na yarda da shi: busasshen dutse ba ya zuwa da tarin halittun da dutse mai rai ke kawowa, kuma farin jikinsa yakan rufe da ƙura mai ruwan ƙasa da gansakuka a watannin farko. Amma ba ya zuwa da ƙaguwa mai cin murjani ko ƙwarin da ke ɓuya a ramuka. Giɓin kuwa ana cike shi da guntu ɗaya ko biyu na dutse mai rai daga lafiyayyen tanki, a jingina su da sabon. A rage haske a watan farko, a fara da kifi ɗaya ko biyu da katantanwa masu kiwon gansakuka, a jinkirta murjani mai tauri har sai ɗigon shunayya da ruwan hoda sun fara bayyana a jikin dutsen.