Yadda Ake Raba Rikicin Sunaye a Kod ɗin da EF Core Ya Samar

Ka ba da umarnin `dotnet ef dbcontext scaffold`, ya fito maka da fayiloli daga rumbun bayanai, ka zo gina manhaja sai kurakurai suka cika allo jajur. Shawarar da za ka fara ji ita ce ka buɗe fayil ɗin ka canza sunan da hannu. Kada ka yi. Ranar da aka taɓa wani tebur ka sake umarnin da `--force`, gyaran nan duk zai bi ruwa. Na taɓa asarar aikin yini guda ta wannan hanya.

Da farko duba lambar kuskuren da ke sama. Galibin na ƙasa 'ya'yansa ne.

In CS0118 ka gani, sunan wani tebur ya zo ɗaya da sunan `namespace`, kamar a ce manhajar Shago ce, tebur ma Shago. Ba kod ɗin wani gida da `--namespace Shago.Models`, sannan ka kira shi da cikakken sunansa a inda mai tara kod ya rikice.

Wanda ke cin rai shi ne CS0104, kuma sau da yawa tebur mai suna `Task` ne sila. Tun .NET 6, a 2021, sababbin manhajoji na zuwa da `ImplicitUsings` a kunne, wanda ke shigo da `System.Threading.Tasks` da `System.IO` cikin kowane fayil ba tare da ka rubuta ba. Shi ke nan `Task` ya zama biyu, naka da na Microsoft. Haka `File`, haka `Directory`.

Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne ciwon ɗaya ne amma fuskarsa biyu. A fayil ɗin da ke wajen `namespace` na teburanka, sunayen biyu baƙi ne, don haka sai a ce maka ba a san wanda kake nufi ba. A cikin gida kuwa naka ne ke rinjaye, shiru ba gargaɗi, sai dai ka ga `async Task` ya jawo CS1983, ana ƙorafin abin da aikin ke mayarwa. Ka lura kuma `Task<int>` ba ya shiga rigimar, `Task` tsirara ne kawai. Wannan ne ke sa mutum ya zaci matsalar a wani wuri take.

Maganin gaggawa shi ne laƙabi a saman fayil ɗin da kai ka rubuta: `using Aiki = Shago.Models.Task;`, sannan `using Task = System.Threading.Tasks.Task;`. Amma don Allah kada ka mai da na biyun `global using`. Zai iya kutsawa cikin `DbContext` ɗinka, `DbSet<Task>` ya koma nuna abin da ba tebur ba.

Magani mai ɗorewa shi ne a canza sunan tun wajen haihuwarsa. Ni EF Core Power Tools na Erik Ejlskov Jensen nake amfani da shi, kyauta ne. A fayil ɗin `efpt.renaming.json` kake faɗa masa tebur `Task` ya fito da sunan `Aiki`, kuma kullum haka zai fito. Mai son ƙarin iko ya nemi samfuran T4 da suka zo da EF Core 7.

Tarko ɗaya ya rage. `dotnet ef` yana gina manhajar kafin ya yi komai, ita kuwa ga ta a karye, sai ya tsaya da "Build failed". Ƙara `--no-build`, matuƙar akwai tsohon gini mai lafiya. Kafin nan share tsofaffin fayilolin da aka samar, domin `--force` yana rubutu a kan masu suna ɗaya ne kawai, ba ya kwashe ragowar. Duk ƙarin da kake son yi wa tebur, ka ajiye shi a `partial class` cikin wani fayil dabam, nesa da inda injin ke zuba nasa.